Tsarabar da Muka Kai Maƙera

Ko zan manta ranar da aka kai ni gidan miji, ba na jin zan manta ranar da aka kai tsarabar ɗana maƙera, ni kuwa ina tsaye ina leƙe ta kafar zana. Shekaru sun ja, amma har yau in na ɗauki ƙanƙara yatsuna suka ƙage sai abin ya faɗo mini a rai.

Ni mai ƙanƙara ce a Illela. Firiza ce da ni a rumfar tsakar gida, sola ke jan ta, 'yan kabu-kabu na zuwa su ɗauka su kai Araba da Amarawa, wani lokaci har tsallaken iyaka. Ban yi boko mai nisa ba, amma Allah ya yi ni da son sanin yadda abu yake aiki. In mai gyara ya zo ya buɗe inbata, wato akwatin da ke juya wutar sola ta ja firiza, sai ya gaji da ni. Mi na wanga? Don mi ya ƙone? Har ya taɓa ce wa maigidana gara ya gyara injin nika goma da ya shigo gidanmu.

Yaron da zan ba ku labarinsa ɗan farina ne, don haka kada ku jira jin sunansa daga bakina. Mu nan uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama hira da shi. In an ce ya yi abin kirki sai ta ce, “Wa? Wancan shashashan?” Haka na ga uwata ta yi, haka ni ma na yi. Tun da aka yaye shi surukata, Hajiya, ta ɗauke shi, ɗakinta kuwa yana kallon rumfata. Ita ke da bakin yabo, ita ke da wasa da shi, tana ce masa miji yana ce mata amarya. Ni nawa ido ne da kunne, su ɗin ma a sace. Ya yi karatun haɗa sinadarai a jami'a, daga nan aka ɗauke shi zuwa wata ƙasa mai sanyi don ƙarin karatu. Shekarun da ya yi a can ban taɓa sanin takamaiman abin da yake yi ba, kuma abin yana cina, don ba ni da bakin tambaya.

Ya zo hutu a tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon bokitin ruwa. Ya buɗe jaka a ƙofar Hajiya, aka fito da sabulai da turare da alewa aka jera a faifai saboda masu zuwa sannu da zuwa. Can ƙarshe ya ciro wani ɗan akwatin roba kamar na ashana. A ciki, kan auduga, wani ɗan falle ne siriri, bai fi farcen babban yatsa ba, launinsa toka-toka, haske na ɗan ratsa shi.

Hajiya ta kanne ido ta ce, “Kai miji, duk shekarun ga da kay yi can, ɓawon albasa kaz zo muna da shi?”

“Amarya, ki iya bakinki. Daimon na.”

“Mi?”

“Daimon. Lu'ulu'u. Ni niy yi shi da hannuna. Kuma ba naki na ba, na mai ƙanƙara na. Ki aje mata.”

Wallahi na so in miƙa hannu in karɓa. Amma da mutane a tsakar gida, don haka na ce, “Ni mi za ni yi da tarkace? A ba yara su yi wasa.” Hajiya ta saka akwatin cikin kwanon samirarta ta rufe, ni kuma na ci gaba da ƙulla ruwa a leda kamar ban ji komai ba.

Washegari da hantsi ya zauna a ƙofar Hajiya yana ba ta bayani. Kunnen Hajiya garau yake, tana jin motsin ɓera daga zaure, amma yaron nan ya ɗaga murya kamar mai wa'azi a kasuwa. Na san don wa ake yi. Na jawo kujerata bakin rumfa, na juya musu baya.

Ya ce shi wannan daimon ba haƙo shi aka yi ba, shuka shi aka yi. Akwai wata tukunyar ƙarfe da ake zuƙe iskar cikinta tas, a ajiye ɗan farantin ƙarfe a ciki, sannan a saki iska iri biyu. Ɗaya ita ce irin wadda ke tashi daga kashin shanu in ya ruɓe, wadda ke kama wuta. A cikinta akwai ƙwayar gawayi. Sai a zafafa su har su zama wani dunƙulen haske, ƙwayoyin gawayin su riƙa sauka kan ƙarfen a hankali suna jeruwa. Iska ta biyu kuma aikinta shara: duk ƙwayar da ta zauna zaman baƙin tukunya sai ta cinye ta, ta bar wadda ta zauna daidai.

“Tsaya,” in ji Hajiya. “Kashin shanu dai? Wanda ac cike da kara, wurin saida shanu, ranar kasuwa? Shi kat tahi ƙasar Turawa nema?”

“Da shi da gawayin murhunki da daimon, duk dangi guda na. Zama na ya bambanta su.”

Nan na ƙulla leda ba ruwa a ciki. Gawayi da daimon dangi guda! Na so in juyo in ce ƙarya kake, yi mini bayani, amma na cije.

Kamar ya ji ni. Ya ce kowace ƙwayar gawayi hannu huɗu gare ta. A baƙin sandan nan na cikin batir, kowace ta riƙe maƙwabta da hannu uku, na huɗun yana sake, shi ke miƙa wutar lantarki daga wannan zuwa waccan. A daimon kuwa duk hannu huɗun a riƙe suke gam, babu mai sake balle ya karɓi saƙo. Shi ya sa lantarki ba ya bi ta cikinsa. Hajiya ta ce ita ba ta yarda da abin da ba ta gani ba. Sai ya zare batir daga rediyonta, tana ta masifa, ya samo ƙwan tocila da guntayen waya biyu. Ya sa cokali tsakanin wayoyin, ƙwai ya kama. Ya fasa mataccen batir ya ciro baƙin sandan ya sa, ƙwai ya kama. Ya sa ɗan fallen nan, shiru. Duk wannan a murfin tukunyar silba na gan shi, don na jingine shi a gabana yana nuna mini bayana.

“To roba ma hakanan take,” Hajiya ta ce. “Mi ab abin mamaki?”

Abin da ni ma zan tambaya ke nan, Allah ya saka mata. Ya ce roba na tare lantarki amma tana tare zafi ma, ƙarfe kuma yana barin su duka biyun su wuce. Shi wannan yana tare lantarki, zafi kuwa yana ratsa shi fiye da kowane ƙarfe, saboda ƙwayoyin sun riƙe juna tamau, in gefe ɗaya ya girgiza nan take ɗaya gefen ya ji. Sai ya ce, “A roƙa muna ƙanƙara wajen masu ita.” Na tura musu guda a faranti. Ya ba Hajiya fallen ya ce ta riƙe da yatsu biyu ta ɗora kaifinsa a kai. Ban ga abin da ya faru ba, murfin tukunyar ya zame. Ihu kawai na ji.

“La'ilaha illallahu! Ya shige! Wayyo yatsuna, sanyi! Kai ɗan nema, tsahi kak koyo?”

Yana dariya ya ce ba tsafi ba ne, ɗumin jikinta ne ya bi ta cikin daimon ya narke ƙanƙarar. Ni da na yi shekara da shekaru ina fama da ƙanƙara da wuƙa da taɓarya, a ce ɗumin yatsu ya yanka ta? Ranar ko abincin rana ban ci da daɗi ba.

Ya ƙara da cewa amfaninsa ba ado ba ne, riga ce. Ana shimfiɗa shi a jikin ƙarfe kamar fentin kwanon samira, a cikin injuna irin inbatar gidan nan, don 'yan ƙananan kayan da ke ɗaukar zafi su huce ba tare da wuta ta tsallaka inda bai kamata ba. Nan na gane sarai, don na sha ganin mai gyara yana soka wani siririn abu da yake kira mika tsakanin kayan da ƙarfe, kuma duk bazara sai sun ƙone. Ya ce wahalar ita ce in tukunya ta huce ƙarfe ya fi daimon tsukewa, sai rigar ta tsage, ko a sami 'yar huda da ido ba ya gani wuta ta zurare ta nan. Shekarunsa a can duk a kan wannan tsagewar suka tafi. Wannan fallen shi ne na farko da ya yi kauri, ya ɗago daga kan ƙarfen lafiya lau kamar ƙanzo daga gindin tukunya. Malaminsa ya ce ya riƙe shi abin tunawa, shi kuma ya ce akwai mai shi a gida.

Na tashi na shiga ɗaki, wai zan ɗauko leda.

To, kun san sannu da zuwa. Mata na shigowa, a ba kowa ɗan sabulu da alewa, Hajiya kuma ta buɗe kwanon samira. Ita kaka ce, al'ada ta ba ta baki. “Ku gani, angona ya yi daimon da hannunai!” Ta aika a karɓo ƙanƙara, ta yanka musu, su yi salati. Ban ga laifinta ba, ni ma da ina da hali da har kan katanga zan hau in faɗa. Amma magana in ta fita zaure ba ta komawa yadda ta fita. Kafin kasuwa ta zagayo, abin da bai fi farce ba ya zama cikin gwangwanin madara. Da ya tsallaka Ƙonni ya dawo, an ce jaka guda ce, kuma yaron ya zo da injin buga shi yana ɗakin Hajiya. Dangin da rabonmu da su tun sunan autata suka fara sallama. Wani dillali ya tare maigidana a masallaci ya ce in za a sayar, sefa ko naira, shi a shirye yake. Da fari dariya muka riƙa yi.

Dariyar ta tsaya ranar da ƙawata mai nono ta zo. Bafillatana ce daga wajen Tozai, mun daɗe tare, tana kawo mini kindirmo ina ba ta ƙanƙara. Ranar ba ta sauke ƙwarya ba. Ta ja ni bayan firiza ta ce, “Ƙawa, ki ji ni da kyau. Jiya wasu baƙi biyu kan babur sun tsaya bakin rijiyarmu. Ba ruwa suka sha ba. Tambaya suke wane gida na na mai ƙanƙara, kuma yaron da yaz zo da dutsen yaushe za shi koma, ta wace hanya.”

A wannan yanki namu ba sai an yi wa kowa fassarar irin wannan tambayar ba. An ɗauke mutane a kan abin da bai kai haka ba, wasu sun dawo, wasu har yau.

Bayan la'asar maigida ya tara mu a ƙofar Hajiya, ni ina daga gefe. Ya ce yaron ya tafi gobe da asuba. Yaron ya ce in ya tafi maganar ba ta tafi ba, za a ce dukiyar na gida, a zo a ɗauki Baba ko Hajiya. Maigida ya ce to a fito a gaya wa jama'a gaskiya, abin nan ko an kai shi kasuwar masu gwal ba mai saye. Yaron ya ce ya faɗa har bakinsa ya gaji, duk wanda ya gaya wa sai ya yi murmushi ya ce, “Haka na, Allah ya ƙara rufa asiri.” Aka ce a kai wa mai unguwa ajiya, aka ga shi ma an ɗora masa bala'i. Hajiya na kuka tana cewa bakinta ne ya jawo.

Ni dai tun ranar batir akwai tambayar da ke cina, kuma ba don neman mafita ta zo mini ba, son sani ne kawai. Sai na ji bakina ya buɗe, kuma shi na kalla, ido cikin ido.

“Kai. Ka ce dangin gawayi na. To yana cin wuta?”

Duk suka juyo. Hajiya ta tsaya da kuka, baki buɗe. Yaron ya dube ni, na ga ya gane cewa duk abin da ya faɗa a ƙofar nan babu wanda ya faɗi ƙasa.

“Yana ci, Inna. In wuta ta yi ƙarfi kuma iska na busa shi, ƙonewa yakai ƙurmus. Ko toka ba ya bari.”

“Wutar maƙera ta isa?”

Ya dubi ɗakin Hajiya, inda kwanon samira yake. Sannan ya ce, “Ta isa.”

Maigida ne ya ƙarasa abin da ni ban iya faɗa ba. Duk garin nan, daga mai gwal har mai tallan goro, kowa ya san daimon ba ya fashewa, ba ya ƙonewa. In aka ga wannan ya ci wuta a bainar jama'a, za a ce na bogi ne, magana ta mutu. Yaron ya ce shi ba zai yi ƙarya ba, zai ce daimon ne, don daimon ne. Maigida ya ce, “Hwaɗi gaskiyarka, ba mai yarda.” Sai yaron ya juyo gare ni ya ce, “Ba nawa na ba. Mai shi ta yanke.” Na san abin da nake yankewa. Aikin shekarunsa ne, kuma daga ranar zai zama abin dariyar gari. Na ce, “A ƙone shi.”

Da safe, kafin a fita da shi, Hajiya ta kira ni ɗakinta, ta miƙo mini akwatin ta fice ta ja labule. Tsawon kwanakin nan yana cikin kwanon samira, taku kaɗan daga rumfata, ban taɓa shi ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Gefe ɗaya santsi kamar madubi, ɗayan da ɗan kaushi. Na ɗauko ƙanƙara na ɗora kaifinsa. Jama'a, ban danna ba! Shiga kawai ya yi, ruwa na bin gefensa, sanyi kuma ya harbi yatsuna har gwiwar hannu. Na cire na sake, na cire na sake, sai da na mayar da ƙanƙarar nan yanka-yanka. Ina dariya ni kaɗai kamar yarinya, hawaye na zuba. Ɗana ne ya yi wannan, daga iska.

Maƙerin unguwarmu maƙwabcinmu ne, maƙerarsa na ƙofar gidansa. Maigida ya zaɓi ranar kasuwa, ya gayyaci mai unguwa, ya kuma tabbatar 'yan kabu-kabu sun ji, don in sun ji duniya ta ji. Mu mata muka taru cikin gidan maƙerin muna leƙe ta zana. Aka fara da ƙanƙara don kowa ya shaida shi ne dai wanda ake magana. Maƙeri ya ce a ba shi ya gwada, ya goga masa magagari, magagarin ya zame, haƙoransa suka dakushe. Wuri ya ɗauki “Allahu akbar, shi na!” Na ce a raina, mun shiga uku, mun ƙara wa abin daraja.

Yaron ya miƙe ya ce, “Jama'a, wanga daimon na, amma na ɗaki, daga iska anka yi shi, don aikin lantarki. Shi ɗai na gare ni. Asalinai gawayi na, kuma yanzu za ku gani.”

Maƙeri ya kama shi da awartaki ya kai bakin wuta, daidai inda iskar zugazugi ke fita. Aka yi ta zuga. Ya yi ja, ya yi jawur, ya koma ruwan ƙwai, amma yana nan yadda yake. Mai zuga ya gaji wani ya karɓa. Dillalin nan ya ce da ƙarfi, “Ba na hwaɗa muku ba? Na gaske na, wuta ba ta cin shi!” Na ga wasu fuskoki a bayan taro da ban sani ba, ko baƙin kasuwa ne ko su waye, Allah masani. Ban taɓa roƙon Allah ya lalata abu kamar yadda na roƙa a wannan lokacin ba, kuma abin da na fi so a duniya nake roƙo a kai. Yaron ya durƙusa ya ce wa maƙeri ya ɗan ɗaga shi daga cikin gawayin, iska ta fi samunsa.

Sai gefen ya fara cinyewa. Ba hayaƙi, ba ƙauri, ba narkewa irin ta ƙarfe. Raguwa kawai yake, kusurwoyin suka zagaye, ya koma kamar ƙwayar gero. Maƙeri ya saki ragowar a kan tsingaro cikin wutar, ta yi wani ɗan haske, shi ke nan. Ya juya awartaki, ya duba tsingaro, ya tona toka da yatsan ƙarfe. Ya ɗago ya ce, “Wallahi tun da nike ban ga abin da wuta ta ci ba ta bar kashinai ba. Ina ya tahi?”

“Ya koma iska, Baba,” in ji yaron. “Itatuwa za su shaƙe shi.”

Wani daga baya ya ce, “Ashe gawayin Turawa na!” Wuri ya fashe da dariya. Dillali ya tofar da yawu ya kaɗa rigarsa ya tafi. Kafin azahar labari ya kai tasha cewa ɗan mai ƙanƙara ya yi shekaru a ƙasar waje yana koyon yin gawayi, an damfare shi ya damfari kakarsa. A cikin gidan maƙerin wata ta dafa ni ta ce, “Sannu, ashe wahalar banza yaron ga ya yi.” Duk suka zuba mini ido. Na ce, “Ai ni dama na hwaɗa, tarkace na.” Kalmar da na saba faɗa ce tun yana ƙarami, amma ranar kamar garwashi na haɗiya.

Baƙin kan babur ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ƙawata mai nono ta ce a rijiyarsu ma dariyar ake. Dangi suka ɗauke ƙafa. Yaron ya ƙarasa hutunsa yana fita ana ce masa Sarkin Gawayi, yana ɗaga hannu yana amsawa, amma na ga yadda yake zama shiru in ya shigo gida.

Ranar da zai koma ya durƙusa a bakin rumfata, kansa a ƙasa, ya ce, “Inna, za ni tahiya. Ki yi haƙuri, tsarabarki ba ta zauna ba.” Ya miƙe ya ɗauki jaka, ya kai bakin zaure. Sai na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa masa. Ya tsaya cak kamar an jefe shi. Hajiya ta saki carbi.

Na ce, “Na yanka ƙanƙara da shi. Ya yi kyau. Abin da kay yi ya yi kyau ƙwarai.” Da na ga idonsa ya kawo ruwa sai na ƙara da abin da ya fi mini sauƙi: “Kuma ba ka hwaɗi abin da ya sa gehe guda ya fi santsi ba.”

Ya ajiye jaka ya dawo ya zauna a ƙasa, ya ce gefen santsin shi ne wanda ya kwanta a jikin ƙarfen, mai kaushin kuma shi ne inda ƙwayoyin suka yi ta tsirowa. Na ce to don mi launinsa toka-toka? Ya amsa. Na sake wata. Direba na ta danna oda a waje, maigida na faɗa, mu kuwa muna zaune, sai da motar ta tafi ta bar shi ya bi motar yamma.

Yanzu yana aikinsa a can, in ya kira waya ni ke fara karɓa, Hajiya kuwa Allah ya yi mata rasuwa. Ya sha cewa zai kawo mini wani, na ce a'a, wancan ya ishe ni. A unguwa har yau akwai masu ce mini uwar Sarkin Gawayi, ina amsawa da fara'a, don na san abin da wannan dariyar ta saya mini. Ban fasa kunya ba, a gaban mutane har gobe shashasha ne. Amma na koyi cewa in ɗanka ya miƙo maka abin da ya yi da hannunsa, ka karɓa a lokacin, ka juya shi, ka tambaye shi yadda aka yi. Nawa ya kwana ya tashi a cikin kwanon samira ina kallonsa ta murfin tukunya, kuma safiya ɗaya tak na riƙe shi.